Me Ya Sa Makabartar Talaka Ta Fi Saurin Cika?

Idan yaro ya rasu, maganar da ake yi a wurin ta'aziyya ɗaya ce: kwana ya ƙare. Haka ne, babu mai wuce ranarsa, kuma babu muminin da zai yi jayayya da wannan. Sai dai akwai masu fakewa da wannan kalma domin kada a tambaye su yadda suka yi da amanar jama'a, kuma da su nake a yau.

Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba sa kai shekara biyar a duniya. A Kudu maso Yamma adadin 62 ne, a Arewa maso Yamma kuwa 187. A jihar Ogun 30 ne, a jihar Kebbi 252, wato kusan yaro ɗaya cikin huɗu. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, baitulmali ɗaya.

Wasu kan ce laifin iyaye ne, wai 'yan Arewa ba sa son zuwa asibiti. Wannan magana ce mai daɗin faɗa ga wanda ya ƙoshi. Binciken nan ya kasa gidaje kashi biyar gwargwadon abin hannunsu: a gidajen da suka fi talauci yara 173 ke mutuwa cikin 1,000, a gidajen da suka fi wadata 53. Sauron da ke cizon ɗan manomi a Argungu shi ke cizon ɗan kwamishina a Birnin Kebbi. Bambancin yana cikin abin da ke biyo bayan cizon.

A duba daren da zazzaɓi ya kama yaro a ƙauye. Uwa tana jiran maigida, maigida yana lissafin kuɗin mota, da na kati, da na gwaji, da na magani. Sai a fara da jiƙo ko ƙwayoyin kyamis, a jira ranar kasuwa a sayar da akuya. Kafin a isa babban asibiti jini ya ƙare a jikin yaron, leda ɗaya ta jini kuma sai an nemo. Yaron da dama yunwa ta rame shi ba ya jure wannan jira. Ɗan mai hali kuwa, tun daren farko waya ɗaya ta isa likita ya duba shi. Matsayi ma magani ne: wanda aka sani ba ya kwana a layi.

Abin bai tsaya ga Nijeriya ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2008 ya kawo misalin birnin Gilasgo na Birtaniya, inda namiji a unguwar talakawa ta Calton ake sa ran ya yi shekara 54, na Lenzie da ke kusa da ita kuma 82, alhali ganin likita kyauta ne a ƙasar. Ashe muhalli, da abinci, da sana'a, da ilimi su ke yanke hukunci tun kafin a kai ƙofar asibiti.

To wa za a tambaya? A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyata yake fita. Masu riƙe da kasafin nan kuwa, da zarar kansu ya sara, sai Masar ko Ingila. Sayyidina Umar da kansa ya fasa shiga Sham saboda annoba, bai ga hakan ya saɓa wa imani da ƙaddara ba.

Ku kuma iyalai, kafin masu mulki su farka, akwai abin da ke hannunku. A kammala allurar rigakafi har da ta ƙyanda, kyauta ce. Mai ciki ta fara zuwa awo da wuri, a tanadi kuɗin mota da mai ba da jini tun kafin naƙuda. A kwana cikin gidan sauro. Gudawa ta zo, a ba da ruwan gishiri da sukari tare da zinki. Zazzaɓin yaro kada ya kwana biyu ba a gwada jini ba. A kafa asusun jinya a unguwa yadda ake yin adashe.

Sannan idan mai neman ƙuri'a ya zo da taliya da atamfa, ku tambaye shi ungozoma nawa ke kwana a asibitin mazaɓarku, kuma kada ku bar shi ya tashi sai ya ba ku adadi.