Kasuwar Lantarki Da Gas: Darasi Daga Sabon Badun

Duk wanda ya taɓa sauka a unguwar Sabo da ke birnin Badun bayan sallar magariba ya san abin da ke fara tarbarsa tun daga Mokola, watau kukan janareta. Tela yana da nasa, mai walda yana da nasa, haka mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara da mai cajin waya. Kowannensu yana biyan kuɗin wuta sau biyu: ya biya kamfanin lantarki, ya kuma biya gidan mai. Shekaru da dama ana faɗa wa irin waɗannan bayin Allah cewa sauƙi yana tafe, domin za a buɗe kasuwar lantarki da ta iskar gas kowa ya baje kolinsa, har a haɗa ta da kasuwannin maƙwabta. To, ina aka kwana a kan wannan alkawari?

Babu inda ya fi dacewa a yi wannan tambaya kamar Sabo, domin mutanenta ba baƙin kasuwa ba ne. Tun da aka kafa unguwar a 1916, goro da shanu ne suka riƙe ta. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinta a farkon shekarun 1960, ya kuma wallafa littafi a 1969 a kan yadda fataucin ke tafiya. Falke ya kawo shanu daga Arewa ya sauka a gidan maigidansa. Dillalin maigida ya sayar wa mahauta bashi na 'yan makonni, maigida ya tsaya lamuni. Mahaucin da ya ci amana kuwa, ba mai sake ba shi ko ɗan maraƙi har sai ya biya. Ba takarda, ba kotu, amma dukiya mai yawa tana juyawa. Abubuwa huɗu ne suka tsayar da wannan ciniki: hanyar da kowa zai bi, ma'aunin da aka yarda da shi, lamuni, da shugaba mai raba gardama. Da su za a auna kasuwar lantarki.

Daga NEPA Zuwa Kamfanoni

A 1972 ne gwamnatin soja ta haɗe hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun ruwan Kwara, mai kula da Kainji, aka sami NEPA. Ita ke samar da wuta, ita ke dakonta, ita ke rarrabawa, ita ke karɓar kuɗi. Wanda bai gamsu ba sai ya kunna aci-bal-bal. A 2005 aka kafa dokar gyaran harkar lantarki, NEPA ta zama PHCN, aka kuma rarraba ta gida 18: kamfanoni 6 na samar da wuta, 11 na rarrabawa, da 1 na dakon wuta a manyan wayoyi, watau TCN. Dokar ta kafa hukumar NERC don ta zama sarkin kasuwa. Ran 1 ga Nuwamba, 2013 aka damƙa mafi yawan kamfanonin ga 'yan kasuwa. A kamfanonin rarrabawa masu jari suka ɗauki kashi 60 cikin 100, gwamnati ta riƙe 40.

Sabo ta faɗo a hannun kamfanin IBEDC, wanda aka yanka wa Jihohin Oyo, Ogun, Osun da Kwara, da wasu sassan Neja, Ekiti da Kogi. Sai dai a nan ne gizo ke saƙa. Kowane kamfanin rarrabawa an ba shi yankinsa shi kaɗai. Mai shago a Sabo ba shi da ikon cewa wutar wannan ta yi tsada, bari ya koma wa wancan, kamar yadda mai sayen goro ke barin huhu ya matsa gaba. Babakere na gwamnati aka kawar, aka kawo babakere goma sha ɗaya na 'yan kasuwa. Shi ya sa har gobe in an ɗauke wuta yaran Sabo NEPA suke ambata, domin a wurinsu tuwo aka sake wa suna.

Hanya

Wayar lantarki da bututun gas su ne hanyar wannan fatauci, kuma ba mai hankalin da zai ja wayoyi biyu a titi ɗaya don a yi gasa. Abin da ƙasashen da suka riga yin nisa suka yi shi ne raba mai hanya da mai kaya: waya ta zama ta kowa, duk mai wutar sayarwa ya biya kuɗin dako ya wuce. Ingila ta fara a 1990, kafin ƙarshen 1999 magidanci yana iya zaɓen kamfanin da zai sayar masa da wuta. Norway da Sweden sun haɗa kasuwarsu a 1996. Tarayyar Turai ta kafa ƙa'idar lantarki a 1996, ta gas a 1998, kuma daga Yuli 2007 aka ba magidanta 'yancin zaɓe.

A Nijeriya an ɗan taɓa. Daga 2017 an yarda manyan masana'antu su sayi wuta kai tsaye daga masu samar da ita. A 2020 aka ƙaddamar da ƙa'idar da ta ba masu gas damar bin bututun ƙasa bisa sharuɗɗa iri ɗaya, dokar man fetur ta 2021 kuma ta ƙarfafa haka. An kuma cire aikin sarrafa zirga-zirgar wuta daga hannun TCN aka ba wani kamfani dabam mai suna NISO. Amma hanyar kanta ƙarama ce. Tashoshin ƙasar nan an gina su ne don su ba da kimanin megawat 13,000, abin da ke isa ga jama'a kuwa yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000. Kasuwar da kaya bai wadata ba, mai saye ne ke roƙo.

Ma'auni

Mita ita ce mudun lantarki. A ƙarshen 2024 fiye da rabin masu rajista da kamfanonin rarrabawa a ƙasar nan ba su da ita, sai dai a yi musu kintace. Wannan ya fi cutar unguwanni irin Sabo, inda gida ɗaya ke ɗauke da ɗakunan haya da na baƙi da shaguna, a kawo takarda guda a bar maigida da rigimar rabo. A 2020 NERC ta ƙayyade iyakar abin da za a kintata wa wanda ba shi da mita, aka kuma kasa masu wuta rukuni biyar: rukunin A awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A Afrilu 2024 aka ɗaga farashin rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane kilowat na awa guda, daga baya aka ɗan rage. Tun da kamfani ya fi samun riba a rukunin A, ba abin mamaki ba ne in wutar ta fi karkata can. Kowane maigida ya kamata ya san rukunin layinsa da awoyin da aka yi masa alkawari.

Lamuni

Nan ne ciwon yake. Mafi yawan wutar Nijeriya da gas ake samar da ita, a tashoshi irin Egbin da ke kusa da Ikorodu. Mai gas ya ba mai tasha bashi, mai tasha ya ba dillalin gwamnati, watau kamfanin NBET da aka kafa a 2010, shi kuma ya ba kamfanin rarrabawa, kamfani ya ba jama'a. In kuɗi zai koma sai ya riƙa zubewa a hanya: wasu sun ja wuta ta bayan fage, wasu ma'aikatun gwamnati ba su biya ba, tallafin da gwamnati ta ɗauki alkawari bai fito ba. A 2025 masu tashoshi suka ce bashin da suke bi ya kai naira tiriliyan 4. Wanda ba a biya ba ba zai biya mai gas ba, mai gas kuwa sai ya rage, duhu ya sauka a Sabo. Shi kansa IBEDC, a Janairu 2022 hukumar AMCON ta karɓi ragamarsa saboda bashin banki da ke kan masu jarinsa. Gaskiya ne bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma da dillalan Sabo sun yi lamuni irin wannan, da ko shekara guda cinikin shanu bai kai ba.

Ƙetare Iyaka

A 1999 shugabannin ECOWAS suka amince da kafa kasuwar lantarki ta Afirka ta Yamma, watau WAPP, mai hedkwata a Kwatano. A 2007 aka haɗa Ikeja da Sakete ta Jamhuriyar Benin da babbar waya. A 2008 aka kafa hukumar sa ido ta yankin, ERERA, a birnin Ankara na Gana, a 2018 aka ƙaddamar da matakin farko na kasuwar, a 2023 kuma aka buɗe cibiyar daidaita ta a Kalabi, kusa da Kwatano. Hikimar ita ce, ƙasar da madatsunta suka cika da damina ta sayar wa wadda ke ƙona man dizal, mai gas ta taimaka da rani, mai hasken rana ta ba da nata da tsakar rana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gas ma yana da tasa hanyar. Bututu mai tsawon kilomita 678 ya tashi daga wajen Ikko ya bi ta ƙarƙashin teku zuwa Kwatano, Lome, Tema da Takoradi, ya fara aikin kasuwanci a 2011. A Agusta 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa shi a gaɓar Lome, ya yi kusan shekara a rufe, Gana ta sha duhu.

Darasi mafi ɗaci kuwa a gida ya faru. Tun 1976 Yamai ke shan wuta ta wayar Birnin Kebbi, Maraɗi da Damagaram kuma ta wayar Katsina, har ya zama kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Nijeriya take. Da aka yi juyin mulki ran 26 ga Yuli, 2023, sai aka yanke wutar a cikin takunkumin ECOWAS, ba a maido ba sai bayan an janye takunkumin a Fabrairu 2024. Masu niƙa da asibitocin Maraɗi ne suka ɗanɗana. A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, alhali Nijar da Burkina Faso ne babbar wayar da aka tsara daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu za ta fi amfana. Maigidan da ya taɓa rufe wa baƙonsa ƙofa saboda faɗan da ba na ciniki ba, sai ya yi da gaske kafin baƙon ya sake sauka a gidansa. Su ma maƙwabtan akwai nasu laifin, domin rahotannin NERC sun sha nuna suna jinkirin biyan kuɗin wutar da suka sha.

Akwai masu cewa yaya za a sayar wa Lome wuta alhali Badun tana cikin duhu? Tambaya ce mai ma'ana. Amsar ita ce abin da ke fita kaɗan ne, kuma tasoshi da dama suna zaune ne ba don wuta ta ƙare ba, sai don babu gas, ko babu waya, ko babu mai biya. Mai saye daga waje da zai biya a kan kari yana iya tayar da injin da ke kwance. Sharaɗin dai shi ne ya biya.

Sarkin Kasuwa Ya Matso Kusa

A Maris 2023 aka gyara Tsarin Mulki, a Yuni na shekarar kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba jihohi ikon tafiyar da kasuwarsu. Oyo ta kafa tata hukumar, a 2024 NERC ta ba da umarnin miƙa mata ragamar sa ido. Ma'anarsa ita ce lasisin sabon mai rarraba wuta, da farashi, da sauraron koke, duk a Badun za a yanke su. Wannan dama ce, kuma haɗari ne. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta buɗe kasuwarta ba tare da tsaro ba, a 2000 da 2001 'yan kasuwa suka riƙa ɓoye wuta don farashi ya hau, jama'a suka kwana a duhu. Sababbin kamfanoni kuma in an bar su, unguwannin masu hali da masana'antu za su tsinta, su bar wa talaka tsohuwar taransifoma.

Saboda haka ya rage ga mutanen Sabo. Yawancinsu a Badun aka haife su, nan suke biyan haraji, nan suke jefa ƙuri'a. Fadar Sarkin Sabo da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna iya ƙidaya gidaje da shagunan da ba su da mita su nema a ƙungiyance, su riƙa rubuta awoyin da aka ba layinsu, su tura wakilai duk ranar da hukumar jiha ta kira zaman jin ra'ayi a kan farashi. Unguwa mai cunkoson shaguna a wuri guda abin nema ce ga duk kamfanin da ke son kafa ƙaramar tashar gas ko ta hasken rana, muddin ya tabbata za a biya shi. Wajibi ne kuma a tsawata wa masu jan wuta ta bayan fage, domin abin da suka sha maƙwabcinsu ne ke biya.

Kakannin mutanen Sabo sun haɗa kasuwar Kano da ta Badun da amana da lamuni tun ba a ja waya ko ɗaya a tsakani ba. Abin da ake nema ga hukumomi da kamfanoni bai wuce abin da kowane dillali ya sani ba: a buɗe hanya, a auna da mudun gaskiya, wanda ya karɓi kaya ya biya. Allah Ya sa a gyara.