ZAMAN GIDA: In Ɗa Yana Bakin Daga

A wannan wata maganarmu da gidajen da suke da mutum a soja ce, da kuma maƙwabtansu. A Matsinkai da sauran ƙasar Bagudo, har su Kaoje da Illo da Lolo, akwai iyayen da ɗansu ya tafi Zariya ya sha horo, ya fito da kaki, aka tura shi inda su ba su taɓa zuwa ba. Akwai kuma matan da maigida ya bar su wurin surukai, da goyo a baya, da alkawarin zai samu fas ya zo kafin girbi.

Wannan zama ba a kanmu aka fara shi ba. Kakanninmu sun jira waɗanda aka kai Bama a yaƙin duniya na biyu. Iyayenmu sun jira nasu daga 1967 zuwa 1970, lokacin yaƙin basasa, waɗansu kuma suka sake jira sa'ad da aka tura soja Laberiya a 1990, daga baya Saliyo. Tun 2009 kuwa Borno ce ke cin 'ya'yan mutane. An kira aikin Lafiya Dole, a 2021 aka sake masa suna Haɗin Kai, amma ga uwar da ke gida duk sunan ɗaya ne.

Abin da ya bambanta zamaninmu shi ne wutar ta matso kusa da gida. A Nuwamba 2024 Lakurawa suka faɗa wa Mera, a ƙasar Augie, suka kashe mutane. A hayin iyaka, cikin lardin Alibori na Benin, sojoji 54 suka mutu rana ɗaya, 17 ga Afrilu 2025. Iyayensu ba baƙinmu ba ne, kasuwa ɗaya muke ci da mutanen Segbana. Yanzu ɗan da ke Borno yakan buga waya yana tambaya, "Baba, ku dai kuna lafiya?" Tsoron ya zama na kai da kawowa.

Bari mu fara da waya. Dā wasiƙa takan yi wata biyu a hanya, mutane kuwa suna da haƙurin jira domin ba su san wani abu dabam ba. Yau in an kira sau uku ba ta shiga ba, sai tuwo ya ƙi haɗiyuwa. Ku tuna fa, shirun waya ba labari ba ne. A 2013 hukuma ta yanke layukan waya a Borno na tsawon watanni, a Satumba 2021 aka yi haka a Zamfara. A daji ba wuta, ba sabis, kuma dokar aikinsa ta hana soja faɗin inda yake ko inda za shi. In ya ce, "Muna nan lafiya," ya yi shiru, kada a matsa masa.

Wanda ya fi shirun muni shi ne mai kawo ƙanzon kurege. Yaro ya ga hoton gawa a Facebook, ya ce ya yi kama da wane, kafin faɗuwar rana mata sun cika tsakar gida da kuka. Muna roƙonku, jama'a, duk wanda ya ga irin wannan ya riƙe bakinsa. In abu ya faru da gaske, hukumar soja ce za ta sanar da wanda sunansa ke rubuce a takarda. Saboda haka kowane gida ya rubuta lambar sojan ɗansa, da bataliyarsa, da lambar wayar wani abokin aikinsa, a ajiye inda za a samu.

Sunan nan na takarda shi ne inda muke so mu daɗe, gama a nan gidaje da yawa suka tsage. Sa'ad da yaro ya shiga soja ana tambayarsa magajinsa. Yana saurayi, sai ya rubuta ubansa ko wansa. Shekara ta zo ta wuce, ya yi aure, ya haifi uku, takarda tana nan yadda take. Ranar da ba a so ta zo, hakkinsa ya fito da sunan wa, matar kuwa da marayu sai abin da aka ga dama. In a bariki take zaune, ɗakin ma na hukuma ne, wata rana za a karɓa. Mun sani maganar tana da nauyi. Matar tana jin kunya, tana tsoron a ce tana kira wa mijinta mutuwa, ko idonta na kan kuɗi. To, ba ita ya kamata ta tayar ba. Uba ne zai kira ɗansa gefe ranar da ya zo fas, ya ce, "Ɗana, ka je ka gyara takardarka, ka sa iyalinka." Uban da ya yi wannan bai rage kome daga girmansa ba.

Haka nan kuɗin wata. In ya turo ta hannun ƙane, matar ta ce ba ta gani ba. In ya turo mata, Inna ta ce an raba ta da ɗanta. Su biyun kuwa mutum ɗaya suke kwana suna yi wa addu'a. Shi mai turowa ya faɗa a fili, gaban kowa, nawa ne na Inna, nawa na cefane, nawa na makarantar yara. Kada kuma a maida 'yan mintocin da ya samu na waya su zama kotu. Ba mu ce a ɓoye masa rashin lafiyar ɗa ko rasuwa ba, amma rigimar tukunya da tsintsiya dattawan gida su kashe ta.

A Littafin Sama'ila na Fari, tsoho Yesse yana da 'ya'ya uku a bakin daga. Bai zauna yana tagumi kawai ba, ya ɗora wa autansa Dawuda gasasshen hatsi da gurasa, ya ce ya dubo lafiyarsu ya kawo labari. Mu ba za mu iya kai guzuri Borno ba, amma gonar sojan tana nan kusa. Matasan ekklesiya su sa rana su yi mata gayya tun ciyawa ba ta ci ƙarfinta ba. Zumuntar mata su riƙa leƙa matarsa da rana, su biyu ko uku, gama macen da mijinta ya yi nisa ba ta rasa masu sa mata ido. In gidan maƙwabci Musulmi ne, a shiga a gaishe su, ramin da ɗansu yake ciki shi ne namu yake ciki.

Sa'an nan in Allah ya dawo da shi, kada ku yi mamaki in ba shi ne wanda ya tafi ba. Wani ba ya barci, wani ƙarar babur takan sa shi zabura, wani ya koma sha. Kada yara su dame shi da tambayar mutum nawa ya kashe. A yi masa addu'a, a kuma kai shi wurin likita in abin ya daɗe. Asibitocin soja suna duba irin wannan ciwo, akwai kuma babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da Sakkwato. Wanda yake jin nauyinsa, baffa ko fasto, shi zai raka shi.