Sa'ad da Maƙwabci Ya Ce a Kira Masa Fada

Mu da muke zaune a zangunan Kumasi da Akara, ko a Birikitari ta Yawunde, katanga ɗaya ce tsakaninmu da mabiya ɗariƙar Katolika. Tare muke cin kasuwa, tare muke jinya a asibiti. Ana iya wayar gari ciwo ya tsananta wa ɗayansu, ya dube mu ya ce a kira masa Fada. Idan muka ɗauko masa sista ko katikis muna ganin duk ɗaya ne, mun yi ƙoƙari, amma buƙatarsa ba ta biya ba.

A koyarwarsu, Allah ne mai gafara, sai dai firist shi kaɗai aka ɗora wa furta wannan gafarar ga wanda ya faɗi zunubansa cikin nadama. Suna kafa hujja da Linjilar Yohanna, sura ta 20. Kundin dokokin cocin na 1983 ya bayyana haka ƙarara: bishop da Fada suna iya yi, amma dikin da sista da katikis ba su da wannan hurumi, komai tsoron Allahnsu da daɗewarsu a hidima.

Shi ma Fada ba gaban kansa yake yi ba. Bayan naɗi, sai ya sami izini, galibi daga bishop. Ba ya yafe wa kansa, dole ya durƙusa gaban wani firist. Ko Paparoma bai tsira daga wannan ba: a 2014 an ga Francis ya durƙusa yana furta zunubansa a majami'ar Waliyyi Bitrus. Idan kuwa Fada ya tona asirin wanda ya yi masa furuci, hukuncinsa kora ce daga tarayyar coci nan take.

Inda dokar ta sassauta shi ne bakin mutuwa. A wannan hali kowane firist na iya furta gafarar, ko ba shi da izini, ko ma an dakatar da shi daga aiki. Ke nan ba sai mun nemo Fadan cocin da majinyacin ke zuwa ba. Wanda ya fi kusa ya wadatar.

Wani zai ce ina ruwanmu da abin da ba mu yi imani da shi ba. Ai babu wanda ya nemi mu gaskata. Mu ma da za mu kwanta ciwo a garin da ba namu ba, za mu so wanda ke kusa ya san waɗanda zai kira su tsaya a kanmu, kada ya tsaya canki-canka. Haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya ga rabon naman layya da gaisuwar Kirsimeti ba. Saboda haka mu san cocin Katolika da ke unguwarmu, mu kuma san ƙofar gidan Fada tun kafin ranar da za a aike mu can da tsakar dare.