Kaya sun sauya hanya, masu ɗaukarsu fa?

Tun daga ƙarshen watan Yulin 2023 da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, hirar da aka fi yi ita ce ta tsadar shinkafa da mai. Mu kuwa a yau muna so mu ja hankali kan waɗanda suka rasa wurin neman abinci.

Shekara da shekaru tashar jirgin ruwa ta Kwatano ce babbar ƙofar kayan Nijar. Kowace mota da ta taso daga can tana ciyar da mutane barkatai: direba da yaron mota, 'yan dako, masu fitar da kaya a duwan, bakanike, mai faci, har da mai tuwo a bakin tasha. Da CEDEAO ta ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024, hukumominmu sun bar namu ɓangaren a rufe bisa dalilan tsaro, kaya kuma suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja.

To, ɗan kasuwa mai jari yana iya juya akalar kayansa da waya guda. Ɗan dako fa? Ba zai kwashi iyali ya koma Tera don motoci sun koma can ba. Sai ka ga wanda jiya yake sauke buhu, yau ya shiga fito da kwale-kwale a kan kogi, ko ya karɓi babur yana kabu-kabu. Mai motoci kuma, da yake tafiya ta ƙara tsawo da haɗari, lodi ya ragu a wata, ba ya ɗaukar sabon yaro; na hannun ma da ƙyar yake riƙe su. An ce in kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya, amma ai ba kowa ke da ƙafar sabuwar rawar ba.

Mun taɓa ganin irin wannan. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, Maraɗi da Birnin Ƙonni sun ji a jika. Galibin waɗannan ma'aikata ba su da takardar aiki, ba sa cikin rajistar asusun CNSS, don haka ran da aiki ya tsaya babu mai lissafa su.

Ba ma raina batun tsaro. Abin da muke cewa shi ne, duk shawarar buɗe iyaka ko rufe ta, a sa ma'aikata cikin lissafi. Hukumar ANPE da ƙungiyoyin direbobi su ƙirga waɗanda aikinsu ya mutu a garuruwan iyaka. A ba matasan can fifiko wajen koyon sana'a da noman rani, tunda Gaya tana da ruwa da ƙasa mai albarka. Sannan a ci gaba da zama da maƙwabta har a samu mafita, don jama'ar bakin gada sun jima suna jira.