Kundin Sirri da Ƙirƙirarriyar Basira: A Haɗa Su Ko A Raba?

Ajiye ɗan littafi na rubuta abubuwan yau da kullum tsohuwar al'ada ce a wurin ɗalibai da masu bincike. Charles Darwin, alal misali, ya yi shekara biyar, daga 1831 zuwa 1836, yana yawo a jirgin ruwa mai suna Beagle, yana rubuta abin da ya gani na tsirrai da dabbobi da duwatsu. A yau wannan littafi ya koma cikin wayar hannu. Akwai manhajoji irin su Day One, wadda ta fito a 2011, da Journal, wadda kamfanin Apple ya fitar a watan Disamba na 2023. Tun da ChatGPT ya bayyana a watan Nuwamba na 2022 kuma, mutane suka fara haɗa kundinsu da mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, domin ya karanta abin da suka rubuta, ya taƙaita musu, har ya ba su shawara. Ra'ayin wannan shafi shi ne, kundin aiki ya cancanci a haɗa shi da na'ura, amma kundin zuciya gara a bar shi tsakanin mutum da alƙalaminsa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da ke faruwa idan an yi haɗin. Yawancin waɗannan mataimaka a manyan kwamfutocin kamfani suke aiki, can nesa da wayar. Saboda haka duk shafin da aka ba su dama su karanta, sai ya fita daga wayar, ya bi intanet, ya sauka a can. Ko da manhajar tana kulle rubutu da lambobin sirri, dole a buɗe shi kafin na'ura ta iya karantawa.

Amfanin haɗin a fili yake. Ɗalibin da ya shuka wake a gwangwani, yana auna tsawonsa kowace safiya har kwana 60, zai iya sa mataimakin ya jera masa alƙaluman, ya nuna makon da tsiron ya fi saurin girma. Mai ciwon asma da ke rubuta ranakun da numfashinsa ya sarƙe, zai iya gano cewa sun fi yawa a lokacin hunturu da ƙura, ya kai wa likita wannan bayani. Irin wannan aiki na tara bayanai da tace su, na'ura ta fi mutum sauri, sai dai a riƙa duba lissafinta, domin takan yi kuskure ba tare da ta nuna shakka ba.

Kundin zuciya kuwa aikinsa daban ne, kuma ilimin halittu ya yi bayani a kansa. A 1986 James Pennebaker da Sandra Beall sun yi gwaji da ɗalibai 46 a wata jami'a da ke Jihar Texas ta Amurka. An sa su rubutu na minti 15, kwana huɗu a jere. Waɗanda suka rubuta wani abin baƙin ciki da ya same su, tare da yadda suka ji a ransu, ba su yawaita zuwa asibitin makaranta ba a watanni shida da suka biyo baya, idan aka kwatanta da waɗanda suka rubuta abubuwa na yau da gobe. Binciken da aka yi ta maimaitawa daga baya ya nuna amfanin matsakaici ne, amma akwai shi. Abin lura shi ne, Pennebaker ya gano cewa waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda kalmomin dalili da fahimta, irin su "saboda" da "na gane", suka riƙa ƙaruwa a rubutunsu daga rana zuwa rana.

A 2007 kuma Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna kallon fuskoki masu fushi ko tsoro. Da mutum ya ba abin da ya gani suna, sai aikin amigdala, wato ɗan sashen da ke kaɗa ƙararrawar tsoro, ya ragu, aikin gaban ƙwaƙwalwa mai tunani da shawara ya ƙaru. Ashe maganin yana cikin wahalar neman kalma da ƙulla dalili. Ɗalibin da ya zuba wa na'ura jimla biyu, ya ce ta faɗa masa abin da ke damunsa, ya tsallake ainihin aikin da ke warkarwa. Kamar mai son ƙarfin dantse ne ya ɗauki ɗan dako ya ɗaga masa ƙarfe.

Matsala ta biyu ita ce sirri. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. A watan Maris na 2023 wata tangarɗa ta sa wasu masu amfani da ChatGPT suka ga kanun hirarrakin wasu mutane daban, har kamfanin ya dakatar da shi na ɗan lokaci. Dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023 ta ba mutum damar neman a goge bayanansa, amma ɗalibin sakandare zai sha wuya kafin ya bi sawun rubutun da ya riga ya haye teku. Bugu da ƙari, kundi ba sirrin mai shi kaɗai ke ciki ba. Akwai sunan aboki, da rashin lafiyar uwa, da rigimar gida, kuma babu wanda ya nemi izinin waɗannan mutane.

Matsala ta uku ita ce daɗin baki. Tun a 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT ya ƙirƙiro ELIZA, wata manhaja da ke juya maganar mutum ta mayar masa da ita a matsayin tambaya. Duk da sauƙinta, sakatariyarsa ta roƙe shi ya fita daga ɗakin domin ta yi hira da ita a keɓe. Mataimakan yau sun fi ELIZA iya magana nesa ba kusa ba, kuma suna da halin bin ra'ayin mai tambaya. A watan Afrilu na 2025 kamfanin OpenAI ya janye wani gyara da ya yi wa ChatGPT saboda yawan yabo da faranta rai. Wanda ya karanta ɓangare ɗaya na rigima, kuma yana son ya faranta, da wuya ya ce wa mutum laifinsa ne.

Wasu za su ce akwai matasan da ba su da wanda za su faɗa wa damuwarsu, kuma na'ura ba ta gori ba ta tsegumi. Wannan gaskiya ne, kuma abin kunya ne ga manya. Amma na'ura ba za ta lura yaro ya rame ba, ba za ta raka shi asibiti ba. Gyaran yana hannun iyaye da malamai, su zama mutanen da za a iya tunkara.

Saboda haka shawara ga ɗalibai ita ce su raba kundi biyu. Na aiki, mai ɗauke da gwaji da jadawalin karatu, a haɗa shi da mataimaki bayan an duba ko kamfanin yana amfani da rubutun wajen horar da na'urarsa, an kuma kashe wannan zaɓi. Na zuciya ya zauna a takarda, ko a manhajar da ba a ba kowa mabuɗinta ba. In har sai an nemi shawarar na'ura, a fara rubutawa, a kwana a kai, a cire sunaye, sannan a miƙa ɗan abin da ya kamata. Malaman kimiyya kuma su ware darasi ɗaya su nuna wa ɗalibai inda rubutu ke zuwa idan ya bar wayar, tun kafin wani ya danna maɓallin amincewa.