Masoro da Kanumfari Sun Samu Takarda a Amurka, Maganin Kabawa Fa?

Duk matar da ta taɓa dama kunu a Argungu ta san masoro, ta san kanumfari. Ganyen dawa kuwa ko akuya ta san shi. A haɗa waɗannan uku da wani itace na kurmin kudu, ɗan'uwan madobiyarmu, an samu abin da ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba wa takardar mallaka a watan Satumba na 1998. Sunan maganin Niprisan, na masu ciwon sikila ne, kuma 'yan Najeriya ne suka nemi takardar suka samu.

Ni da na tsufa ina miƙa magani ta tagar asibiti, wannan labari ya daɗe yana yi mini kai-kawo a rai, domin akwai abin koyi a cikinsa, akwai kuma abin takaici, kuma duka biyun sun shafe mu a nan Kabi.

A farkon shekarun 1990, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, NIPRD, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta samu labarin wani limamin coci a ƙasar Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, wanda yake ba masu sikila wani haɗi na gargajiya. Masanan ba su je sun yi masa daɗin baki sun kwashe sirrin sun juya baya ba. Sun zauna da shi, aka rubuta yarjejeniya, aka sa hannu, kuma da aka tashi neman takarda, sunansa yana cikin jerin masu ƙirƙirar, kafaɗa da kafaɗa da furofesoshi. An gwada maganin a kan marasa lafiya 82, aka buga sakamakon a 2001, ya nuna yana rage yawan tashin ciwon. Ba ya warkar da sikila, kada wani ya ce na faɗa. Amma uwar da ta taɓa kwana tana danna wa yaro ƙafa yana ihu ta san darajar a ce ciwon ya rage tashi.

Ita wannan takarda ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Kai za ka bayyana yadda ake haɗa abin dalla-dalla, kowa ya karanta. Ita kuma hukuma za ta hana kowa yin sa ya sayar ba da izninka ba har shekara 20. Bayan nan ya zama na kowa. Haka dokar Najeriya ta 1970 ta tanada, haka yake a yawancin duniya. Babban sharaɗin shi ne abin ya zama sabo: idan an riga an buga shi ko ya bazu a hannun jama'a, babu takarda. A riƙe wannan sharaɗi, zan dawo kansa.

To, takarda ta samu, sai me? A 2002 gwamnati ta ba wani kamfanin Amurka, Xechem, iznin yin maganin shi kaɗai. A 2006 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shi a Abuja da sabon suna, Nicosan. A 2008 uwar kamfanin ta karye a Amurka, a 2009 aka janye iznin, magani ya ɓace daga kantuna. Waɗanda jikinsu ya saba da shi suka koma gidan jiya. Sai a 2018 aka ba kamfanin May & Baker izni ya sake fito da shi, lokacin da wa'adin shekara 20 ɗin ya riga ya tafi a shari'a da bashi da jiran sa hannu. Wannan a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, fiye da kowace ƙasa. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da sabon maganin sikila mai gyara ƙwayar halitta, Casgevy, wanda aka sa kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Wane Bakabe ne zai biya? Namu mai arha, wanda kayan haɗinsa ke kasuwar ƙauye, shi muka bari ya yi shekaru a kwance. Takarda ba ta daka magani, ba ta zuba shi a kwalba. Idan babu masana'anta mai ƙarfi da kuɗin juyawa da manoman da za su riƙa kawo kayan haɗi iri ɗaya, adon bango ce kawai.

Duk da haka, gara mai takardar da aka yi sakaci da ita da mu da ba mu rubuta komai ba.

Ƙanin mahaifina Basarke ne, a ruwa ya tashi, a ruwa ya tsufa. Idan ƙayar kifi ta soki mutum hannu ya kumbura, wurinsa ake zuwa. Zai shiga fadama shi kaɗai, ya dawo da saiwa a aljihu, ya daka a ɗaka bayan ya sakaya ƙofa. Na taɓa ce masa, "Baffa, ka bari in rubuta sunan itacen nan mana." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ku 'yan boko abin da kuka rubuta ya zama na kasuwa." Ya rasu da abinsa. Har yau ba ni da hanyar sanin ko maganin ne ke aiki ko kumburin ne ke sacewa don kansa, kuma babu mai iya gwadawa, tunda babu wanda ya san saiwar.

Kuma maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Ɗalibai da malaman jami'a suna shiga ƙauyuka da takardar tambayoyi, su zauna da wanzamai da unguwarzoma da maharba, su rubuta sunan itace da cutar da yake magani da yadda ake dafa shi. Su koma su buga a mujallar ilimi a intanet, malami ya samu ƙarin girma, ɗalibi ya samu digiri. Tsohon da ya ba da ilimin ba a ko ambaci sunansa ba, ya zama lamba a jadawali. Ga inda sharaɗin nan na sabunta yake cizo: daga ranar da aka buga, haɗin ya fita daga hannun mai shi, ba zai iya neman takarda a kansa ba. Amma kamfanin da ke da ɗakin gwaji zai karanta kyauta, ya tace sinadarin da ke aiki, ya ƙirƙiro hanyar haɗa shi a masana'anta, ya yi rajistar wannan hanya da sunansa. Doka ba za ta kira shi ɓarawo ba. Mu muka kai masa har gida.

Indiya ta sha wannan ɗaci kafin mu, kuma a kan itacen da ke ƙofar gidan kowa a Birnin Kebbi, dogon yaro, wanda asalinsa daga can aka kawo mana. A 1994 ofishin rajista na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka takarda a kan amfani da man dogon yaro wajen kashe cutar fumfuna a shuka. Aka kai ƙara, aka soke takardar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Na kurkur ya fi sauri: an ba da takarda a Amurka a 1995 kan warkar da rauni da shi, aka soke a 1997. Abin da ya ci shari'ar kurkur ba "kakanninmu sun sani" ba ne. Tsofaffin littattafai aka ajiye a gaban alƙalan rajista. Daga nan Indiya ta kafa rumbun ilimin gargajiya na kwamfuta a 2001, kuma da farko ba ta buɗe shi ga kowa ba: ofisoshin rajista na duniya ne suka riƙa dubawa bisa yarjejeniyar riƙe sirri, don su ƙi ba da takarda a kan abin da aka daɗe da sani.

Rubuta magani ba baƙon abu ba ne a wannan kwari namu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar rubuce-rubuce a kan magunguna, har da na basir da na ciwon ido. Ni Bakabe ne, yabon Sakkwatawa ba ya zo mini da sauƙi, amma tunda an yi sulhu har Sarkin Musulmi Hassan ya zo Argungu kallon bikin su a 1934, zan iya faɗin gaskiya: a nan sun riga mu.

Abin da nake ganin ya kamata ba ya bukatar biliyoyi. A buɗe rajista ta sirri a ƙarƙashin Masarautar Argungu, domin tsoho zai faɗa wa wakilin Sarki abin da ba zai faɗa wa ɗan gwamnati ba. Kowane haɗi a rubuta shi da sunan mai shi da garinsu da ranar da ya bayar da magadansa, da boko da ajami, a ba shi kwafinsa ya adana. Kada a buga ko layi ɗaya sai da yardarsa a rubuce. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi su ɗauki waɗanda suka fi alamar amfani su gwada, da sharaɗin cewa babu malamin da zai kai mujalla kafin a duba ko akwai abin yi wa rajista. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa tun 1979, tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen neman takarda, ba sai an ɗauki lauyan Legas ba. A watan Mayu na 2024 kuma ƙasashen duniya sun amince a Janeba da yarjejeniyar da ke neman mai son takarda ya bayyana inda ya samo tsiro da ilimin gargajiyar da ya dogara da su. Wannan dama ce, amma ga wanda yake da shaida a rubuce.

Na san da yawa daga cikin haɗe-haɗen za su faɗi a gwaji. Wasu ma za a gano suna lalata ƙoda, irin na masu lasifika a bayan mota ranar kasuwa, waɗanda kwalba ɗaya ke maganin basir da taifot da rashin haihuwa. To, a gano ɗin ma riba ce. Idan ɗaya tak ya tsallake, a tuna da Niprisan, kada a miƙa shi ga kamfani ɗaya ba tare da an rubuta cewa idan ya kasa, izni zai koma hannun wani nan take ba. Jihar da ta iya jawo manyan injinan casar shinkafa zuwa Argungu da Birnin Kebbi za ta iya zama da masu masana'antar magani na cikin gida a yi ciniki da ido buɗe.

Ina kira ga Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, wanda kowa ya san tsayuwarsa a harkar rigakafi da lafiyar jama'a, Allah ya ja zamaninsa: a tara sarakunan ruwa da na aska da na baka, a ware ɗaki guda a gidan tarihi na Kanta, a fara rubutun nan a bana, a fara da mafi tsufa cikin masu maganin.