Yaron da Ba Ya Magana, Iyaye Ne Bakinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, babba in kansa na ciwo sai ya buɗe baki ya faɗa. To yaron da ya kai shekara 3 ko 4 bai iya cewa "Umma" ba fa, wa zai faɗa masa? Ga shi ana ganin wani lokaci ya ƙafe ido kamar ba ya nan, ko hannunsa ya riƙa fizga, ko ya yanke jiki ya faɗi. Abin da aka saba ji a gidajenmu shi ne "nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi", ko "iska ce ta shafe shi". Ni a nawa ganin, haƙƙin wannan yaro ne a kai shi asibiti a binciko sunan lalurarsa tun da wuri, kuma wannan nauyi yana wuyan iyaye.

Ka sani, malamanmu ba su jingina kowace faɗuwa ga aljanu ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira, a cikin Zadul Ma'ad ya kasa farfaɗiya gida biyu, ya nuna ɗayar daga jiki take, kuma likitoci ne ke magana a kan sababinta da maganinta. Ibnu Sina ma a cikin Alƙanun ya lissafa ta cikin cututtukan ƙwaƙwalwa. To ina muka samo cewa da yaro ya faɗi sai turare da hayaƙi kawai?

Wani zai ce ai ga matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi (SAW) ta zaɓi haƙuri, aka yi mata bushara da Aljanna. Gaskiya ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito. Amma ita baliga ce, da bakinta ta zaɓa wa kanta. Yaro kuwa amana ne, ba shi da bakin zaɓi, kuma Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani. A yi addu'a, a yi ruƙya ta shari'a, a kuma tafi asibiti. Babu ɗayan da ya hana ɗaya.

Sabubban rashin magana suna da yawa. Na farko da ake dubawa shi ne kunne, don wanda bai ji ba, ba zai kwaikwaya ba. Sanƙarau kan bar yaro da kurumta ko farfaɗiya, mu kuwa mun san shi: a 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Akwai ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro in ya taɓa ƙwaƙwalwa, da doguwar naƙuda da ta sa jariri bai yi kuka da wuri ba, da shawara mai tsanani a makon haihuwa. Mai sikila yakan samu shanyewar ɓarin jiki har magana ta ɗauke. Akwai kuma lalurar otizim, inda yaro yana ji sarai amma ba ya haɗa ido, ba ya amsa sunansa. Kowace da hanyar kula da ita, shi ya sa sanin suna ya zama rabin aiki.

Ga ma'auni mai sauƙi: yaro ya shekara 1 ba ya gwaranci, ko ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, ko ya shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, a kai shi. In kuwa da yana faɗin wasu kalmomi suka ɓace, to kada a jira ko kaɗan.

Yanzu ga inda aikin iyaye yake. Da wuya yaro ya faɗi a gaban likita, saboda haka da bayaninku zai yi aiki. Ki samu littafi, ya ke uwa, ko yayansa ɗan makaranta ya rubuta miki, da boko ko da ajami: wace rana, ƙarfe nawa, minti nawa ya ɗauka, da zazzaɓi ko babu, wane ɓangaren jiki ya fara, ya saki fitsari, ya yi barci bayan nan? In da waya a kusa, a ɗauki bidiyo. A tafi da katin awo da na rigakafi, da duk maganin da aka taɓa ba shi, har na gargajiya, kada a ɓoye.

A fara da asibitin kusa, a nemi takardar turawa zuwa likitan yara a babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A Kaduna akwai cibiyar kunne ta ƙasa. Za a iya auna jinsa, a yi gwajin EEG da ake manna wayoyi a fatar kai, ba ya da zafi, wani lokaci a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Gwaji ɗaya yakan fito lafiya lau alhali lalurar tana nan, don haka kada ka yi fushi in an ce ku dawo. Abin da ba ka gane ba ka tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Na san akwai kuɗin mota, da layi, da wahala. Amma lissafa abin da aka kashe a yawon masu magani shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba faɗuwa in an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. Sai dai ba a yanke maganin don an ga sauƙi, sai da izinin likita. Wanda aka samu kurma ne kuwa, ga maganar hannu, ga makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano.

Ku kuma ɗalibai, in ɗan'uwanku ya faɗi kada ku watse. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Ku janye shi daga wuta da ruwa, ku kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa komai. In ya wuce minti 5 bai daina ba, a garzaya asibiti. Kuma kada na ji wani ya kira shi da sunan tsokana.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba iyayensu ladan haƙuri da ikon sauke amana. Wassalamu alaikum.